Tatsuniya a Hannun Kamfani: Asalin Finafinan Zane na Disney da Yadda Aka Karɓe Su

Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanin cewa tatsuniya ba ta da mai ita. Tsohuwar da ta faɗe ta daren jiya a wurin wata tsohuwar ta ji ta, kuma yarinyar da ta saurara za ta faɗe ta gobe da ƙari ko da ragi, ba wanda zai kai ta gaban alƙali. Wannan lacca za ta duba abin da ya sami wasu tatsuniyoyi da labaran yara na Turai bayan da suka shiga hannun wani kamfani guda na Amurka, watau kamfanin Walt Disney, wanda ya mai da su finafinan zane tsakanin 1937 da 1967. A yau ana ɗaukar waɗannan finafinai tamkar gado, iyaye na nuna wa 'ya'yansu kamar yadda aka nuna musu. Amma wannan daraja ba a ranar fitowarsu suka same ta ba. Da yawa daga cikinsu hasara suka jawo wa masu su da farko, kuma a hankali aka gina musu suna, ta hanyoyin da suka shafi ciniki fiye da yadda suka shafi adabi.

Asalin kamfanin

An haifi Walt Disney a birnin Chicago a 1901. Kamfaninsa na farko, wanda ya kafa a Kansas City, ya karye a 1923. Daga nan ya koma Hollywood, inda shi da wansa Roy suka kafa wani sabo a wannan shekarar. Roy ne mai riƙe da kuɗi, Walt kuwa mai kashewa, kuma a kan wannan jayayya ta wa da ƙane kamfanin ya rayu fiye da shekara 40.

Akwai wani abu da ya faru a 1928 wanda ya kamata a riƙe shi, domin shi ne mabuɗin halin kamfanin daga baya. Disney yana yin gajerun finafinai a kan wani zomo mai suna Oswald. Da ya je neman ƙarin kuɗi wurin dillalin da ke rarraba su, sai ya tarar cewa a bisa yarjejeniya zomon ba nasa ba ne, na kamfanin Universal ne, kuma dillalin ya riga ya janye yawancin masu yi masa zane. Ya dawo hannu rabbana. Shi da abokin aikinsa Ub Iwerks suka ƙirƙiro ɓeran nan Mickey, wanda ya yi suna da fim ɗin Steamboat Willie mai sauti a watan Nuwamba na 1928. Tun daga wannan lokaci Disney bai sake barin haƙƙin mallakar wani abu nasa ya kuɓuce masa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Snow White

Gajeren fim ɗin zane ba ya wuce minti bakwai ko takwas, kuma share fage kawai ake yi da shi kafin a sa babban fim, saboda haka kuɗin hayarsa kaɗan ne. A 1934 Disney ya yanke shawarar yin dogon fim wanda zai tsaya da ƙafarsa. Ba shi ne ya fara wannan a duniya ba, ko da yake ana yawan faɗin haka. Tun a 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi dogon fim da 'yan siffofin da ta yayyanka daga kwali, a kan labarin Yarima Ahmad na cikin Alfu Laila. Abin da Disney ya kawo shi ne girman aiki da launi da sauti.

Ya kamata a fahimci nauyin wannan aiki. Na'urar silima tana haska hoto 24 a cikin kowace daƙiƙa. Fim ɗin Snow White and the Seven Dwarfs minti 83 ne, watau kusan hoto 120,000 ke nan. Mai zane zai zana motsi a takarda, sa'an nan a kwafe shi da tawada a kan wani farantin roba mai haske kamar gilashi, a shafa launi ta bayansa, a ɗora shi bisa zanen daji ko na ɗaki, a ɗauki hoto, a cire, a ɗora na gaba. Mata ne suka yi yawancin aikin tawada da launi, a kan albashi ƙasa da na maza masu zane. An ƙiyasta fim ɗin zai ci dala 250,000, amma sai da ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Disney ya jinginar da gidansa, ya ci bashin banki, mutanen Hollywood kuwa suka riƙa kiran aikin wautar Disney, suna cewa ba babban mutum da zai zauna fiye da sa'a guda yana kallon zane.

An fara nuna shi ran 21 ga Disamba, 1937, a Los Angeles. A zagayen farko ya tara kimanin dala miliyan 8 a duniya, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. A 1939 aka ba Disney lambar girma ta Oscar, babba ɗaya da ƙanana bakwai, adadin wadannin da ke cikin labarin. A Ingila hukumar tace finafinai ta ga yana da ban tsoro, ta ce kada yaro ya shiga sai da babba. A Shanghai wasu 'yan'uwa masu suna Wan sun kalle shi, suka yi nasu dogon fim ɗin zane a 1941 daga wani tsohon labarin ƙasarsu.

To, wane labari ne aka kalla? Ɗalibin adabi zai so ya san wannan. Disney ya ɗauko shi daga littafin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tara a Jamus suka buga a 1812. Su kansu ba su bar shi yadda suka ji shi ba. A bugun farko uwar yarinyar ce ta cikinta take kishin kyaunta har ta sa a kashe ta. A bugun 1819 sai suka mai da ita matar uba, don kada a ce uwa ta yi wa 'yarta haka. A cikin littafin sarauniyar ta dafa huhu da hanta ta ci, tana zaton na yarinyar ne. Sau uku ta je da niyyar kisa: da igiyar ɗaure riga, da mataji mai dafi, da tuffa. Yarinyar ta farfaɗo ne lokacin da masu ɗauke da akwatinta suka yi tuntuɓe, guntun tuffar ya fito daga maƙogwaronta. A ƙarshe aka sa wa sarauniya takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta mutu.

Disney ya rage tafiya ukun zuwa ɗaya, ya mai da tuntuɓe ya zama sumba, ya sa sarauniya ta faɗo daga kan dutse don kada hannun kowa ya taɓa jininta. Wadannin kuwa, waɗanda ba su da ko suna a littafi, ya ba kowannensu suna da hali, har suka kusa ƙwace fim ɗin. Wannan gyara ba laifi ba ne a kan kansa. A shekarar da Snow White ya fito ne aka fara buga Magana Jari Ce a ƙasar Hausa, kuma Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da littafin Grimm da wasunsu, ya sa musu babbar riga da rawani har mai karatu ba ya jin ƙamshin baƙunta. Kowane mai ba da labari haka yake yi. Bambancin yana wajen ƙarfin murya. Faɗin tsohuwa ɗaya ba ya kashe faɗin wata, amma fim ɗin da miliyoyin yara suka kalla da siffa ɗaya da murya ɗaya yakan zama shi ne labarin, sauran kuwa a riƙa ganinsu kamar kuskure.

Shekarun hasara

Da ribar Snow White aka gina sabuwar ma'aikata a Burbank, aka kuma shiga manyan ayyuka uku a lokaci guda. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, kasuwannin Turai suka rufe, alhali kuwa daga can kaso mai yawa na kuɗin kamfanin yake zuwa.

Pinocchio ya fito a Fabrairu, 1940. Masana zane da yawa suna ganin babu wanda ya kai shi kyawun aiki cikin dukan finafinan kamfanin, amma ya ci fiye da dala miliyan 2, bai kuwa mayar da su ba. Asalinsa littafin Carlo Collodi ne na Italiya, na 1883, inda yaron itacen yake ɗan banza na gaske: gyaren da ya yi masa nasiha, guduma ya jefa masa ya kashe shi. A fim kuwa gyaren nan ne ya zama abokin tafiyarsa mai tuna masa gaskiya, yaron kuma ya zama mai sauƙin ruɗuwa maimakon mai mugunta.

Fantasia, na Nuwamba 1940, ba labari ba ne ma. Kiɗan gargajiyar Turai ne, na su Bach da Beethoven da Stravinsky, wanda makaɗan Philadelphia suka kaɗa a ƙarƙashin Leopold Stokowski, aka yi masa zane. Yana bukatar na'urorin sauti na musamman masu tsada, saboda haka a birane 13 kaɗai aka iya nuna shi da farko. Masana kiɗa suka ce an wulaƙanta kiɗa, talakawa suka ce an kawo musu abin manya. Sai a 1969, da aka sake fito da shi, samarin zamanin suka rungume shi, ya fara kawo riba, shekara 29 bayan yinsa.

Ana cikin wannan ƙunci ne ma'aikata suka shiga yajin aiki a watan Mayu na 1941, a kan albashi da korar ma'aikata da neman a amince da ƙungiyarsu. An yi makonni ana yajin. Disney, wanda yake ɗaukar kansa uba ga ma'aikatansa, bai taɓa yafe wannan ba, har a 1947 ya je gaban wani kwamitin majalisar Amurka ya ce 'yan gurguzu ne suka kitsa yajin. Dumbo, labarin ɗan giwa mai manyan kunnuwa, an yi shi cikin tsumulmula, minti 64 kacal, da ƙasa da dala miliyan ɗaya, kuma shi ne ya kawo riba a 1941.

Bambi, na 1942, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Marubucin littafin, Felix Salten, Bayahude ne ɗan Ostiriya. Ya buga shi a 1923, gwamnatin Hitler ta hana karanta shi a 1936, kuma masu nazari da dama suna karanta shi a matsayin labarin waɗanda ake farauta a ƙasarsu, ba dabbobi kaɗai ba. Ya sayar da haƙƙin yin fim a kan dala 1,000 tun a 1933. A hannun Disney labarin ya yi laushi ƙwarai, amma an bar abu ɗaya: harbin da ya kashe uwar ɗan barewar. Ba a nuna maharbin ba, ba a nuna gawar ba, sai ƙarar bindiga da ɗa yana kiran uwarsa cikin dusar ƙanƙara. Wannan dabara ce irin ta gwanin tatsuniya, wanda ya san dodon da ba a siffanta ba ya fi ban tsoro. Maharban Amurka suka fusata, editan wata mujallarsu mai suna Outdoor Life ya ce an ci mutuncinsu. Wasu masu sharhi kuma suka ce zanen ya yi kama da dabbobin gaske fiye da kima, ina amfanin zane ke nan? Shi ma bai mayar da kuɗinsa ba a zagayen farko.

Zomo da budurwar danƙo

Akwai fim ɗaya da kamfanin kansa ya ɓoye, kuma shi ne ya fi kusa da mai nazarin tatsuniyoyin Afirka. Song of the South ya fito a 1946, an haɗa mutanen gaske da zane a cikinsa. Tushensa labaran da wani ɗan jarida farar fata, Joel Chandler Harris, ya ji daga bakin baƙaƙen fata na jihar Georgia, ya fara buga su a littafi a 1880, ya sa su a bakin wani tsoho da ya kira Uncle Remus. Gwarzon labaran zomo ne mai wayo. A ɗaya daga cikinsu an yi mutum-mutumi na kwalta aka ajiye a hanya. Zomo ya gaishe shi, bai amsa ba, ya kai masa mari, hannu ya liƙe, ya kai shuri, ƙafa ta liƙe. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan, domin abin da ya sami Gizo ke nan da budurwar danƙo. Labarai irin wannan suna nan a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, kuma yawancin masana sun yarda cewa bayi ne suka ƙetare teku da su.

A bakin bawa, labarin ƙaramar dabba da ke cin galaba a kan manya yana da ma'anar da ba a faɗi a gaban ubangida. Fim ɗin ya ɗauki labaran ya ajiye su cikin wata gona inda baƙaƙe ke waƙa suna murna da hidima, tsohon kuma ba shi da wani buri sai faranta ran ɗan masu gida. Ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta yi suka tun farkon fitowarsa, ta ce ya ƙawata zamanin bauta. An buɗe fim ɗin a Atlanta, inda dokar wariyar launi ke aiki, saboda haka James Baskett, wanda ya fito a matsayin tsohon, bai halarci bikin ba. A 1948 aka ba shi lambar girma ta Oscar. An ci gaba da sake nuna fim ɗin har 1986, daga nan aka janye shi. Ba a taɓa sayar da shi a kaset a Amurka ba, kuma da kamfanin ya buɗe tasharsa ta intanet, Disney+, a 2019, ba a sa shi ba.

Yadda aka gina darajar

A 1944 kamfanin yana cikin bashi, aikin da ke riƙe da shi kuwa finafinan horar da soja ne na gwamnati. Sai aka sake fito da Snow White don a sami na cefane, ya kuwa kawo kuɗi. A nan aka gano wata hikima. Fim ɗin mutane yana tsufa, domin tufafi da motoci da fuskokin 'yan wasa suna nuna shekarunsa. Zanen tatsuniya ba ya tsufa da sauri haka, kuma bayan kowace shekara bakwai ko takwas akwai sababbin yara da ba su gan shi ba, ga iyaye da ke marmarin ƙuruciyarsu. Daga nan kamfanin ya mai da wannan al'ada: a nuna fim, a kulle shi, a bari a yi kewarsa, a sake buɗewa. Ta haka Pinocchio da Bambi suka biya bashinsu suka zama abin gado.

Cinderella, wanda aka ɗauko daga rubutun Charles Perrault na Faransa na 1697, shi ya ceci kamfanin a 1950. Bayansa abubuwa suka bi juna da sauri: kamfanin ya kafa reshensa na rarraba finafinai a 1953, ya shiga talabijin a 1954, ya buɗe dandalin wasa na Disneyland a 1955. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tallar sauran. Duk da haka kasuwa ba ta daina ba da mamaki ba. Alice in Wonderland bai karɓu ba a 1951, Sleeping Beauty kuma, da ya ci dala miliyan 6 a 1959, ya jawo hasarar da ta sa aka rage ma'aikata. Disney ya rasu a Disamba, 1966, kafin fitowar The Jungle Book a 1967. Da zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, kamfanin ya yi ta jan ƙafa don tsoron kada al'adar kullewa ta lalace. An sayar da Pinocchio a kaset a 1985, Snow White kuwa sai a 1994, kuma ko a nan an riƙa janye kaset daga kasuwa bayan ɗan lokaci.

Masu suka

Tun da wuri ra'ayin masana ya rabu. Sergei Eisenstein, babban mai shirya finafinai na Rasha, yana ganin Disney gwani ne na haƙiƙa. J. R. R. Tolkien, malamin tsofaffin harsuna a Oxford, ya tsani aikinsa, har ya gargaɗi masu buga littafinsa a Amurka kada su yi masa zane irin na Disney. A 1965 wata malamar adabin yara, Frances Clarke Sayers, ta zarge shi da cire wa tatsuniya ƙashi ya bar tsoka mai zaƙi. A 1968 Richard Schickel ya rubuta littafi guda a kan haka. A Chile kuma, a 1971, Ariel Dorfman da Armand Mattelart suka nazarci mujallun zane na kamfanin, suka ce suna koya wa yaran ƙasashe matalauta su ga kansu da idon Amurka. Bayan juyin mulkin soja na 1973 an ƙone littafinsu.

Ba duk sukan nan ne ke da ƙarfi ɗaya ba. Cewa Disney ya cire tsoro daga labaran yara ba ta tsaya sosai, domin duk wanda ya ga yadda yara suke rikiɗa su zama jakai a Pinocchio ya san akwai tsoro. Wadda ta fi tsayawa ita ce ta siffanta mutane. Hankakin Dumbo suna kwaikwayon maganar baƙaƙen fata yadda 'yan wasan fararen fata suka saba yi don ba'a. Jajayen Indiyawa na Peter Pan, na 1953, abin dariya aka mai da su. A Fantasia akwai wata baƙar yarinya mai jikin jaki da ke goge kofaton farare, wadda aka yanke a asirce tun daga 1969. A 2019 da 2020 kamfanin ya sa gargaɗi a farkon wasu daga cikin waɗannan finafinai a tasharsa. Tsohuwa takan gyara tatsuniya a bakinta in zamani ya sake, ba wanda zai lura. Fim ba ya gyaruwa haka, sai dai a yanke, ko a ɓoye, ko a nemi gafara a gabansa.

Saura batun mallaka. Labaran Grimm da Perrault da Collodi kyauta kamfanin ya ɗauke su, domin ba su da mai su a idon doka. Abin da ya ƙera da su kuwa ya tsare shi da lauyoyi. A 1998 majalisar Amurka ta tsawaita wa'adin haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka zuwa shekara 95, kuma saboda rawar da kamfanin ya taka wajen neman dokar, masu adawa suka yi mata laƙabi da sunan ɓeran. Wa'adin Steamboat Willie ya cika ran 1 ga Janairu, 2024, kowa na iya amfani da wancan tsohon zanen a Amurka. Na fim ɗin Snow White zai cika a farkon 2033, shekara 221 bayan da 'yan'uwa Grimm suka fara buga labarin.